Yankan da Baba Reza Bai Yi Ba

Babu majinyacin da ya taɓa ganin fuskar Baba Reza a asibitin nan, amma da wuya ka sami wanda aka yi wa aiki cikin shekara talatin da huɗu da tsokarsa ba ta bi ta hannunsa ba. Ɗakinsa yana can ƙarƙashin gini, sai ka sauka matakala goma sha tara, ka wuce ɗakin wanki da lungun da ake jibge karyayyun gadaje. Taga ɗaya gare shi, ita ma can sama dab da silin, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun mutane da tayoyin keken marasa lafiya. Ya fi sanin ma'aikatan asibitin da takalmansu a kan fuskokinsu.

Sashen nasu shi ne inda ake kai duk abin da likita ya yanko ko ya gutsuro daga jikin mutum, don a duba a faɗi ko mene ne: kumburi ne kawai, ko gyambo, ko kuwa mugun nan, ciwon daji. Tsokar takan zo a kwalba, cikin wani ruwan magani mai sa ido hawaye. Sai a tsane ta, a zuba mata narkakken kyandir, in ya daskare ya zama ɗan dunƙule kamar rabin kwalin ashana. Shi suke kira bulo. Baba Reza ne zai ɗaura bulon a injin yanka, ya riƙa juya hannun injin a hankali, reza tana feƙe shi siriri, sirantar da ɓawon albasa ma bai kama ƙafarta ba. Ya ɗauki yankan da ɗan burushi, ya shimfiɗa a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ya tsamo shi da 'yar gilashi, a rina, sannan a haura da shi sama likitoci su duba a madubin nan mai ƙara girman abu. Likita ya sa hannu a takarda, dangi su yi ta gode wa likita. Wanda ya yi yankan kuwa, ko sunansa ba mai tambaya.

Bai taɓa kukan wannan ba. Mutum ne dogo, siriri, marar yawan magana, wanda in yana yanka har numfashi yakan riƙe don kada iskar hancinsa ta kwashe masa aiki. Ba a kunna fanka a ɗakinsa komai zafi, ba a kuma banko masa ƙofa. Abokan aiki kan ce in Baba Reza ya yanka maka burodi, za ka iya karanta jarida ta cikinsa. In ya ji sai ya ɗan murmusa ya ci gaba da abin da yake yi, su kuma su ce ai yau an ci sa'a, Baba ya yi dariyar wata guda.

Akwai ƙa'ida ɗaya da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya haddace kafin ya san inda makunnin fitila yake. Ƙaramar tsoka, irin wadda ake gutsurowa daga cikin tumbi, ba a yi mata yanka ɗaya. Mataki uku ake yi. Ka yanki fuskar bulon ka ɗauka, wannan na ɗaya. Ka ci gaba da feƙewa kana zubarwa har ka nutsa, ka ɗauki na biyu. Ka sake feƙewa ka zubar, ka ɗauki na uku daga can ciki. Abin da aka feƙe tsakani, burushi ake sawa a share shi cikin kwandon shara. Dalili kuwa shi ne ciwo ba ya zama a bakin ƙofa yana jiran baƙi. Sau da yawa fuskar bulo lafiya lau take, mugun yana kwance a ƙasa.

Sau ɗaya tak Baba Reza ya karya wannan ƙa'ida, shekara goma sha bakwai da suka wuce, kuma bulon matarsa ne.

Matar tasa tela ce, kekenta a falo yake, bakinta kuma bai fi keken hutawa ba. Duk maganar da shi bai yi ba, ita takan yi musu su biyu. Takan tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Malam, tuɓe rigar nan a nan, kada ka shigo mini da warin asibiti cikin kayan mutane." In ya ɗauki wuƙa zai taya ta aiki sai ta ƙwace ta ce, "Rufa mini asiri. Kai in ka fara yanka albasar nan sai gobe mu ci abinci." 'Ya ɗaya Allah ya ba su, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, yake kiranta Uwata.

Ciwon ciki ya fara damun matar, ta yi ta daurewa irin ta masu sana'ar hannu, har ya kai ta ga barin abinci. Aka zura mata roba mai fitila ta baki, aka gutsuro tsoka biyar, kowace ba ta fi tsakin shinkafa ba. Kwalbar ta sauko ƙasa da lamba dubu biyu da ɗari uku da goma sha shida. Abokin aikinsa na lokacin ya ce, "Kawo in yi maka, ba a yi wa na gida." Baba Reza ya ce a duk ginin nan wa ya fi shi hannu? Ba wanda zai taɓa ta sai shi.

Ya ɗaura bulon, ya ɗauki yanka na ɗaya, ya fito kyakkyawa babu ko tsaga. Daga nan sai feƙewa da zubarwa. Ya ɗauki burushi, ya dubi kwandon shara da ke gefen ƙafarsa, cike da ɓarɓashin kyandir da ɓawon ayabar wani. Hannunsa ya ƙi. Naman matarsa ne, wadda ta ɗaura masa abincin rana a jaka da safen nan. Sai ya yi abin da bai taɓa yi wa baƙo ba. Ya ɗauki yanka uku a jere daga fuskar bulon, ɗaya na bin ɗaya ba tare da ya nutsa ba, ya rubuta musu ɗaya, biyu, uku, ya haura da su.

Tsohon farfesan sashen ya duba ya ce gyambon ciki ne kawai, a ba ta magani. Suka yi murna, har ta ɗinka wa kanta sabuwar riga. Bayan wata goma sha huɗu aka dawo da ita ta rame kamar ba ita ba, aka ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Wata biyar ta ƙara a duniya.

Tun daga ranar da aka faɗi sunan ciwon, tambaya ɗaya ta shiga zuciyar Baba Reza ta yi shimfiɗa: shin yana nan a ƙasan bulon tun farko? Da ya nutsa kamar yadda yake koya wa yara, da an kama shi da wuri? Garin neman gira ya rasa ido ke nan? Amsar ba nisa gare ta ba. Tana ɗakin ajiya, bango ɗaya tsakaninsu, durowa ta huɗu daga ƙasa, kuma mabuɗin yana aljihunsa. Aikin rabin awa ne. Kusan shekara goma sha shida bai yi wannan rabin awar ba, don tsoro, ba wani abu ba. Yakan dai buɗe durowar wani lokaci in ba kowa, ya taɓa bulon da ɗan yatsa, ya mayar ya rufe.

Bai gaya wa kowa ba. Wata biyu da rasuwar, ya haɗa kayan 'yarsa ya kai ta tasha, ya tura ta wurin yayar uwarta a wani gari mai nisa. Ya ce wa mutane namiji shi kaɗai ba zai iya riƙon 'ya mace ba, kowa ya ce gaskiya ne. Ba gaskiya ba ne. Yarinyar idon uwarta ta ɗauko, in ta ɗago ta dube shi sai ya ji kamar tuhumarsa ake yi. Can ta girma, can ta yi karatu, can ta yi aure. Ya je ɗaurin auren ya juyo a ranar, wai an bar masa aiki.

'Yan'uwa sun yi masa maganar ƙara aure har suka gaji. Ya lulluɓe keken ɗinkin da tsohon zani, ya bar shi a inda yake. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya, sauran ya zuba a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Da yamma yakan kunna rediyo don dai a ji murya a gidan, har wata rana ya kama kansa yana amsa wa mai karanta labarai sallama. Ranar hutu ita ce wahalarsa. Yakan yi wanki, ya yi guga, ya duba agogo ya ga ko sha ɗaya ba ta yi ba, sai ya sa takalmi ya nufi asibiti ya ce ya zo duba ko firij yana aiki.

Ana haka, saura wata biyar ya yi ritaya, sai ga Likita Gaggawa.

Sabuwar likita ce a sashen, ba ta fi sa'ar 'yarsa da yawa ba. Sunan kuwa masu shara ne suka laƙaba mata, don matakala bibbiyu take haɗawa, tana tafiya tana cin abinci tana amsa waya. Ita ce likita ta farko cikin shekaru da ta sauko ƙasa da ƙafarta maimakon ta aiko. Ta banko ƙofa, iska ta kwashe yankan da ke kan burushinsa ya manne a bango.

"Wayyo, Baba, yi haƙuri! Na yi ɓarna ko?"

"Ba komai, Likita. Akwai saura a bulon."

Ta jawo kujera ta zauna tun ba a ce ta zauna ba, ta baje takardu a kan teburinsa.

"Baba, bincike nake yi, kuma an ce in ba kai ba, ba mai iya fito mini da abin da nake nema. Na bi rajistar shekara ashirin. Na tsamo mutanen da aka gutsuri tsokar tumbinsu aka ce gyambo ne, sannan kafin shekara uku suka dawo da ciwon daji. Mutum hamsin da biyu. So nake in san ko ciwon yana nan tun farko muka tsallake shi. A fito da tsofaffin bulon, a sake yanka su can ciki, in duba. In mataki uku ba ya isa, gara mu sani mu ƙara."

"Sunayensu fa?"

"Babu suna, Baba, lamba kawai. Haka dokar binciken take. Ni kaina ban san ko su wane ne ba."

Ta miƙa masa takardar. Bai sa tabarau ba ma ya ga lambar matarsa, ta goma sha tara a jerin. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ya ninke takardar ya ce ta ba shi mako guda.

A ɗakin ajiyar nan Baba Reza ne alƙali, shi ne shaida. Shi kaɗai ya san wace durowa ruwa ya taɓa shiga, wace shekara zafi ya narkar da bulo suka manne, wane lungu ɓeraye suka yi wa ɓarna, don ɓera yana son kyandir mai nama a ciki. Ya fito da arba'in da bakwai. Huɗu da gaske sun lalace. A gaban lambar matarsa ya rubuta abin da ya rubuta wa huɗun: ba a samu ba. Likita Gaggawa ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Arba'in da bakwai cikin hamsin da biyu? Baba, kai ɗin taska ne!" Yabon ya zauna masa a ƙirji kamar ƙaya.

Ya yi mako uku yana yanka mata, tana dubawa. Ran nan ta sauko da gudu ta ce ya zo ya gani. Shekara talatin da huɗu yana aika gilashi sama, ba wanda ya taɓa ce masa zo ka gani. Ya bi ta har ofishinta mai taga babba, hasken ya sa shi ƙifta ido. Ta zaunar da shi gaban madubi mai wurin kallon mutum biyu.

"Ga tsohon yankan, Baba. Ka ga yadda suka jeru kamar an shirya su? Wannan lafiyayye ne. To, ga wanda ka yanko jiya daga ƙasan bulon. Dubi nan, inda 'yar kibiyar cikin madubin take nunawa."

Ya gani. Wasu 'yan dunƙulallu ne baƙaƙe, sun cukurkuɗe babu tsari.

"Shi ke nan mugun. Yana kwance a ƙasa, yankan farko bai kai shi ba. Shida na samu haka zuwa yanzu. Mutum shida, Baba! Da an ƙara nutsawa kaɗan, da an kama shi tun yana ƙarami, a yanke a huta."

"Da sun rayu?"

"Wasunsu, ƙwarai kuwa."

Ya yi mata godiya ya sauka. Waɗannan shidan an yi musu mataki uku cikakku, amma duk da haka ciwon ya ɓuya. Ina ga wadda ko mataki ɗaya ba a gama yi mata ba? Ranar abincinsa a jaka ya koma gida.

Ranar Asabar ya shiga ɗakin ajiya ya ciro bulon, ya naɗe shi a hankici. Bai sa shi a aljihun ƙirji ba don kada ɗumin jiki ya tausasa kyandir, a hannu ya riƙe shi har gida. Ya janye zanin da ke kan keken ɗinki, ya ajiye bulon a kai, ya jawo kujera. Kyandirin ya yi ɗan ja saboda tsufa, ga ɗige-ɗige biyar a tsakiya. Duk duniya abin da ya rage na jikinta a bisa ƙasa ke nan. Ya zauna yana kallonsa rana na shigowa ta labule, yaran maƙwabta suna ta buga ƙwallo a bango.

"Ke ma kin san ba da gangan na yi ba," in ji shi.

Da tana nan da ta ce, "Malam, in za ka yi abu ka yi, ka bar zama kamar an aiko maka da sammaci." Ya san haka za ta ce. Kewarta ta taso masa sabuwa fil, ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti sai kafaɗa ke motsi. Ya ga in ya yi ritaya da wannan ƙaryar a takarda, to ƙarya biyu ke nan a kan mace ɗaya. Ya gaji kuma. Gara a faɗa masa shi ya kashe ta ya san matsayinsa.

Litinin da safe ya tari Likita Gaggawa a matakala.

"Likita, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya fito. Bayan durowa ya faɗa."

"Madalla! Alhamis nake rufe binciken, ka ga ka zo a kan gaɓa." Ta ɗaga bulon a haske ta ƙanƙance ido. "Kai, ƙanana ne ƙwarai. Wannan sai dai ka bi shi har ƙasa, Baba, ka yanke shi duka har ya ƙare. Ba abin da za a rage."

"Har ya ƙare?"

"Har ya ƙare. Wa zai sake nemansa bayan shekara goma sha bakwai?"

Ya ce haka ne.

Ya rufe ƙofarsa ya sa sakata, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa sabuwar reza. Ya ɗora bulon a kan ƙanƙara ya yi sanyi, ya ɗaura, ya daidaita. Aiki ya riga ya zauna masa a ƙashi. Ya juya, yanka ya fito, wani ya biyo shi manne da shi, suka yi tsiri kamar zare. Wannan karon ma bai kai komai kwandon shara ba, amma bai yi ha'inci ba. Duk abin da reza ta fitar sai da ya shimfiɗa shi a ruwa ya tsamo a gilashi. Ɗige biyar suka zama huɗu, suka zama biyu. Na ƙarshen ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar kan allura. Ya sake juyawa sau ɗaya, sai farin kyandir zalla. Gilashi arba'in da ɗaya ya jera a kan tire.

Laraba da hantsi ya haura da su da kansa.

"Baba! Duk wannan na bulo ɗaya? Shida ma sun isa ai."

"Ki yi haƙuri ki duba, Likita."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ture shayinta gefe. Ta fara da tsofaffin gilashin nan uku na shekara goma sha bakwai, ta sa na ɗaya, ta sa na biyu, ta sa na uku, sai ta yi tsaki.

"Ka ga irin abin da nake faɗa? Wanda ya yanka wannan ƙiwa ya yi. Ya rubuta ɗaya, biyu, uku, amma duk abu ɗaya ne, ko kaɗan bai nutsa ba."

"Ni ne."

Ta ɗago ta yi dariya. "Haba Baba, bar rufa wa yaranka asiri. Na ga yankanka fiye da dubu, wannan ba halinka ba ne."

Ta shiga sababbin, tana sawa tana cirewa, gilashi yana ƙara ƙas, ƙas a kan madubin. Shi yana tsaye a bayanta, hannu biyu a baya, yana ƙirgawa a zuci. Goma. Ashirin da uku. A na talatin ta tsaya, ta murɗa, ta matso da ido. Sai ta ce, "A'a, rini ne ya taru," ta wuce. Arba'in. Arba'in da ɗaya.

"Babu komai. Gyambo ne tun daga sama har ƙasa. Farfesa ya yi daidai."

"Ki sake dubawa."

Ta juyo ta dube shi sosai, karo na farko tun da ta san shi. Ko me ta gani a fuskarsa, ba ta tambaya ba. Ta koma kan gilashi na farko ta sake bi ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba gaggawa.

"Baba, wallahi babu. Ko dai ciwon bai fara ba a lokacin, ko kuma abin gutsurar bai faɗa kansa ba. Ko yanka ɗari aka yi wa bulon nan a wancan lokacin, amsar ɗaya ce. Malalacin nan Allah ya rufa masa asiri, bai cuci kowa ba."

Wayarta ta yi ƙara, ana nemanta a wurin taro. Ta rubuta alama a gaban lamba ta goma sha tara, ta suri jakarta. "Na gode, Baba, ka ja mini ƙofar in za ka fita."

Ya sauko matakala yana dafa bango. Ya yi zaton in an wanke shi zai ji sakayau, sai ya ji kamar gidan da aka kwashe wa kaya. Kusan shekara goma sha shida yana kwana yana tashi da wannan laifi, ashe laifin ma abokin zama ne. Yanzu babu shi, babu bulon, kuma duk ginin nan mai hawa biyar babu mutum ɗaya da zai je ya ce wa, ka ji abin da ya faru.

Ya zauna a kujerarsa ya ciro waya. Sai da ya sa tabarau ya yi ta nema kafin ya ga lambar 'yarsa. Wayar ta yi ƙara sau huɗu.

"Baba? Ina wuni. Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Uwata."

"To, lafiya dai? Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata lau." Yana jin muryar yaro a kusa da ita yana neman a ba shi wani abu, jikansa ne, amma bai san ko babban ne ko ƙaramin ba. "Na kira ne in gaya miki wata magana. Yau aka duba aka tabbatar. Ashe ba ni da laifi a mutuwar uwarki."

Ya janye wayar daga kunne ya duba ko ta katse.

"Baba, wa ya taɓa cewa kana da laifi?"

Ya fara yi mata bayani, bulo, mataki uku, kwandon shara, maganar tana fita a hargitse don bai taɓa jera ta da baki ba. Ta saurara har ya kai ƙarshe. Da ta yi magana muryarta ba faɗa a ciki, a kwance take, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

"Ni ban san da wannan ba, Baba. Abin da na sani, wata biyu da rasuwar Mama ka sa ni a mota, ka ba direba jakata, ka juya tun motar ba ta tashi ba. Shekarata goma sha ɗaya. Na yi shekaru ina lissafin me na yi maka. Har na ce ko don ranar da za a kai ta asibiti na ƙi wanke kwanuka ne."

Ya riƙe bakin teburi.

"Ba ki yi komai ba, Uwata. Wallahi ba ki yi komai ba."

"Na sani, Baba. Na daɗe da sani, da kaina na gano." Yaron ya fara kuka. "Da a lokacin ka faɗa mini."

Ta ce za ta je ta ɗauki yaron, ya gaishe da mutanen wurin aiki. Ya ce za su ji. Ya zauna da wayar a kunne bayan ta katse, yana jiran ko akwai saura, har aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce an sauko da kwalaben yau.